Sikizofiriniya da sinadaran ƙwaƙwalwa: me aka gano, kuma me sabon maganin Amurka ya canza?

Ranar 26 ga Satumban 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, wato FDA, ta amince da wani sabon magani mai suna Cobenfy domin masu ciwon sikizofiriniya. Abin da ya sa labarin ya yi ƙara shi ne tun shekarun 1950 duk maganin wannan ciwo da ya shigo kasuwa hanya ɗaya yake bi, ya je ya taɓa makarɓar wani sinadari da ake kira dofamin, wato wurin da sinadarin ke sauka a cikin ƙwaƙwalwa, shi kuwa wannan sabon ba ya taɓa ta kai tsaye. To daga nan fa kan mutane ya ɗaure. Wasu suka ɗauka an samo maganin da zai raba mutum da taɓin hankali gaba ɗaya, wasu kuma suka ce ashe dama shaci-faɗi likitoci suke yi duk shekarun nan da suke ɗora laifin a kan dofamin. Duka biyun ba haka abin yake ba, amma kafin a gane dalili sai an ɗan koma baya.

Wane ciwo ake magana a kai?

A wajenmu da an ga mutum yana surutu shi kaɗai ko yana dariya ba dalili sai a ce hauka ne, a haɗe komai a wuri ɗaya. A asibiti kuwa taɓin hankali kala-kala ne, sikizofiriniya guda ce daga ciki, kuma tana daga cikin masu nauyi. Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙididdigarta ta 2022 ta ce kusan mutum miliyan 24 ne ke da ita a duniya, wato kamar mutum 1 cikin 300, kuma yawanci tana fara bayyana ne daga ƙarshen samartaka zuwa shekara ashirin da wani abu, maza sukan riga mata kamuwa.

Alamun da kowa ya sani su ne jin muryoyin da babu mai jin su sai shi, da mugun zaton da ya kafe ba ya gusawa ko da an kawo hujja, kamar ya yarda cewa ana bibiyarsa, ko an zuba masa guba a abinci, ko mai magana a rediyo da shi yake, sai kuma maganar da ta warwatse ba kai ba gindi. Amma akwai wasu alamun da ba su da hayaniya kuma su suka fi cinye rayuwar mutum: ya daina sha'awar komai, ya ƙule a ɗaki, fuskarsa ba fara'a ba fushi, wanka ma sai an yi da gaske. Ga kuma raunin tunani, ya kasa riƙe abu a ka, ya kasa mai da hankali ko tsara aikin da a da yake yi cikin sauƙi. A riƙe wannan rabe-raben da kyau, domin duk taƙaddamar da ake yi kan sinadarai a kansa take, kowane sinadari da irin alamun da yake iya bayyanawa.

Yadda saƙo ke tafiya a ƙwaƙwalwa

Ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana da ƙwayoyin jijiya kusan biliyan 86, kuma ba a manne suke da juna ba, tsakanin wannan da waccan akwai ɗan tsukin wuri. Idan ɗaya za ta aika saƙo sai ta saki wani sinadari cikin tsukin nan, sinadarin ya je ya sauka a kan wata makarɓa da ke jikin ta gaba, ita kuma ta motsa ko ta lafa. Irin waɗannan sinadarai masu kai saƙo suna da yawa, huɗu ne suka shafe mu a nan: dofamin, gulutamet, GABA, da asetilkolin. Matsala tana iya tasowa daga yawan abin da aka sarrafa, ko yawan abin da aka saki, ko lafiyar makarɓar, ko kuma adadin mahaɗun kansu, wato wuraren nan da ƙwayoyin ke miƙa wa juna saƙo. Shi ya sa cewa kawai "sinadari ya yi yawa" ba ya ɗauke bayanin duka.

Magani ya riga bayani zuwa

A Disambar 1950 wani masanin haɗa magunguna a kamfanin Rhône-Poulenc na Faransa, Paul Charpentier, ya haɗa kuloropuromazin, wanda a asibitocinmu aka fi sani da Largactil. Ba don masu taɓin hankali aka yi shi ba tun farko, likitan tiyata Henri Laborit ne ya lura yana sa marasa lafiya su natsu ba tare da sun fita hayyacinsu ba, sai a 1952 Jean Delay da Pierre Deniker suka gwada shi a asibitin Sainte-Anne da ke Paris, suka ga muryoyi da mugun zato suna raguwa a jikin mutanen da an riga an fidda rai da su. A 1958 Paul Janssen a Beljiyam ya fito da haloferidol. Magungunan suna aiki amma babu wanda ya san ta yaya.

Bayanin ya zo ne a hankali. Arvid Carlsson ɗan ƙasar Suwidin, wanda daga baya ya samu kyautar Nobel a 2000, shi ya nuna cewa dofamin mai kai saƙo ne a karan kansa, kuma a 1963 ya kawo shaidar cewa waɗannan magunguna toshe makarɓa suke yi. Tsakanin 1975 da 1976 Philip Seeman a Toronto, da kuma ayarin Solomon Snyder a Amurka, suka nuna wani abu da ya girgiza fannin: duk maganin da ya fi kama makarɓar dofamin da ake kira D2 da ƙarfi, to ɗan kaɗan ake buƙata daga gare shi ya yi aiki, kuma jerin ya tafi daidai daga magani zuwa magani. Ga wata shaidar ta ɗaya ɓangaren, ƙwayar amfetamin mai hana barci da danginta, masu sa a saki dofamin da yawa, suna iya jefa lafiyayyen mutum cikin jin muryoyi da zargin mutane idan ya sha da yawa. Abin da ke ƙara dofamin yana kawo alamun, abin da ke toshe shi yana rage su, daga nan ra'ayin dofamin ya kafu.

Abin da hoton ƙwaƙwalwa ya nuna

Daga shekarun 1990 aka samu na'urorin ɗaukar hoto irin su PET da ke iya auna aikin sinadarai a ƙwaƙwalwar mutum yana raye. Abin da aka yi ta samu a bincike daban-daban shi ne ba duk ƙwaƙwalwar ce ta cika da dofamin ba, a wani yanki ne can ciki da ake kira sitirayatum ake sarrafa shi kuma ake sakinsa fiye da ƙima, kuma an ga wannan har a jikin waɗanda ba su taɓa shan magani ba, da matasan da alamun suka fara leƙowa kafin ciwon ya bayyana sosai. Wato matsalar ta fi yawa a wajen mai aika saƙon, alhali tsofaffin magungunan a wajen mai karɓa suke aiki.

To yaya yawan dofamin zai koma zargin maƙwabci? Bayanin da ya fi karɓuwa shi ne wanda Shitij Kapur ya kawo a 2003. Ɗaya daga cikin ayyukan dofamin shi ne ya sa wa abu alamar cewa wannan muhimmi ne, ka lura da shi. Idan ana sakinsa ba kan gado, sai abubuwan da ba su da wata ma'ana su riƙa zuwa wa mutum da nauyi: wata mota da ta tsaya a ƙofar gida, tarin da wani ya yi a masallaci, kallon da mai shago ya yi masa. Shi kuma mutum dole ya nemi dalili, hankali ba ya zama da abu ba fassara, sai ya gina labarin da zai haɗa su duka, kuma da kayan da ke cikin al'ummarsa zai gina shi. Shi ya sa wanda ke Landan zai ce jami'an leƙen asiri ne suka sa masa na'ura, na Kano ko Damagaram ya ce jifa aka yi masa ko kishiyar uwa ce ta yi masa sammu. Abin da yake ji a jikinsa na gaske ne, fassarar ce ta kauce, don haka gardama da shi ba ta cika amfani ba.

Hoton ya kuma bayyana dalilin illolin maganin. An gano cewa sai an toshe kusan kashi 65 cikin 100 na makarɓun D2 kafin a ga sauƙi, idan kuma aka haura kashi 78 zuwa 80 sai sandarewar jiki da karkarwa su fara, tazarar ba ta da faɗi ko kaɗan. Dofamin ɗin nan shi ke taimaka wa motsin jiki, shi ke danne sinadarin da ke kawo ruwan nono, don haka toshe shi yana iya sa mutum tafiya a sandare, yawu na zuba, mace al'adarta ta rikice, namiji sha'awarsa ta ragu.

Inda dofamin ya gaza, da shigowar gulutamet

Da dofamin ne kaɗai labarin, da toshe shi ya wadatar. Amma kusan 1 cikin 3 na marasa lafiyar ba sa samun sauƙin kirki da waɗannan magunguna ko da an ba su yadda ya kamata, kuma wani bincike da aka yi a Landan a 2012 ya nuna cewa irin waɗannan mutane sarrafa dofamin ɗinsu bai haura na masu lafiya ba. Sannan ko ga waɗanda muryoyin suka lafa, mutuwar zuciya da raunin tunani sukan zauna daram. Ga kuma kulozafin, maganin da ya fi kowanne aiki ga waɗanda sauran suka gaza a kansu, kamar yadda gwajin John Kane na 1988 ya tabbatar, amma kamun da yake yi wa D2 mai rauni ne.

A nan ne masu ra'ayin gulutamet suka shigo. Gulutamet shi ne babban mai zuga ƙwayoyin jijiya su yi aiki, GABA kuma shi ke tsawatar musu su lafa. An daɗe da lura cewa ƙwayar maye mai suna PCP da ketamin, wanda ake amfani da shi wajen sa barcin tiyata, suna toshe wata makarɓar gulutamet mai suna NMDA. A 1994 John Krystal da abokan aikinsa a jami'ar Yale suka ba wa masu lafiya ɗan ketamin kaɗan, sai ga shi na ɗan lokaci sun nuna alamun kashi ukun nan duka, har da janyewa daga mutane da rikicewar tunani, abin da amfetamin ba ya kwaikwaya sosai. A 2007 kuma Josep Dalmau ya bayyana wata cuta inda garkuwar jikin mutum ke kai wa makarɓar NMDA hari, mara lafiyar ya fara da alamun taɓin hankali sak, kuma idan aka yi maganin garkuwar da yawansu sukan warke.

Yadda masana da dama ke haɗa zaren yanzu shi ne kamar haka. Akwai wasu ƙananan ƙwayoyin jijiya masu sakin GABA, aikinsu aikin birki ne a mota, kuma su kansu sai gulutamet ya taɓa makarɓarsu ta NMDA suke kamawa. Idan makarɓar ta yi rauni birkin ya saki, sai ƙwayoyin da ke gaba su yi ta aiki ba tsari, tunani ya rikice, kuma daga cikin saƙonnin da suke turawa har da wanda ke zuga masu sarrafa dofamin. Binciken ƙwaƙwalen mamata, musamman na David Lewis a Pittsburgh, ya nuna raguwar abin da ke sarrafa GABA a irin waɗannan ƙwayoyi. A wannan fahimtar dofamin shi ne zangon ƙarshe kafin muryoyi su bayyana, matsalar ta faro ne daga sama.

Sai dai fa ra'ayin gulutamet yana da nasa raunin, kuma babba ne: har yau bai haifar da magani ba. Na kamfanin Eli Lilly ya ba da fata a 2007 ya faɗi a 2012, na Roche ya faɗi a 2014, na Boehringer Ingelheim ma a farkon 2025 aka sanar bai ci gwaji ba. Masu kare ra'ayin suna cewa wataƙila ana ba da maganin ne a makare, ko kuma ana haɗa marasa lafiya masu matsala daban-daban a gwaji ɗaya, masu suka kuma na cewa ra'ayin da ya kasa kawo magani sau uku akwai tambaya a kansa.

Me ke jawo canjin tun farko?

Gado yana da kaso mai tsoka. Wani babban binciken tagwaye a Denmark da aka wallafa a 2018 ya ƙiyasta gudummawar gado da kusan kashi 79 cikin 100, amma a binciken nan dai, idan ɗaya daga cikin tagwaye masu kama ɗaya sak yana da ciwon, kashi 33 ne kawai ɗan'uwan ke samu. Wato ko da ƙwayoyin halittarku iri ɗaya ne ba dole ba ne. Kuma babu wata ƙwayar gado guda ɗaya ta sikizofiriniya, a 2014 an gano wurare 108 a cikin ƙwayoyin halitta masu alaƙa da ita, a 2022 suka kai 287, kowanne da ɗan tasirinsa ƙanƙani. Abin lura shi ne a cikinsu har da na makarɓar D2 da na makarɓun gulutamet, kenan ra'ayoyin biyu kowanne ya samu abin riƙewa.

Akwai kuma maganar sassabe. Lokacin balaga ƙwaƙwalwa tana rage mahaɗun da ba ta buƙata, wannan aikin lafiya ne. Tun 1982 Irwin Feinberg ya yi hasashen cewa a sikizofiriniya sassaben ne ke wuce gona da iri, sai a 2016 masu bincike a Harvard suka nuna cewa wani nau'in ƙwayar gado mai suna C4, wadda ke sa wa mahaɗu alamar a cire su, yana ƙara haɗarin ciwon. Wannan yana iya bayyana dalilin da ya sa yaro zai taso lafiya ƙalau har ya gama sakandare sannan abin ya same shi.

Sauran kason na abin da mutum ya gamu da shi ne. 'Ya'yan da aka ɗauki cikinsu a tsakiyar yunwar da ta afka wa Holan a 1944 zuwa 1945 haɗarinsu ya ninka kusan sau biyu, an kuma ga irin haka bayan yunwar Sin ta 1959 zuwa 1961. Wahalar haihuwa da ta hana jariri iska, cin zarafi a yarinta, da zaman baƙunta cikin wariya duk an danganta su da ƙarin haɗari. Sai wiwi. A Suwidin an bi matasa 45,570 da aka ɗauka aikin soja tsawon shekara 15, sakamakon da ya fito a 1987 ya nuna waɗanda suka sha fiye da sau 50 haɗarinsu ya ninka sau 6. Binciken 2019 a garuruwan Turai da Barazil ya samu cewa mai shan ta kullum haɗarinsa na taɓin hankali ya ninka sau 3, mai shan mai ƙarfin kullum kusan sau 5. Akwai masu cewa ai wanda ciwon ke shirin kamawa ne ke gudu wajen wiwi, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma yawancin masana sun tafi a kan cewa ita ma tana turawa. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin binciken shaye-shaye na 2018 da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya fitar ya ce mutum miliyan 10.6 ne ke shan wiwi a Najeriya.

To ina Cobenfy ya shigo?

Magani biyu ne a haɗe. Na farkon, zanomelin, yana motsa makarɓun asetilkolin guda biyu da ake kira M1 da M4. Tsoho ne ma, a shekarun 1990 aka gwada shi kan masu cutar mantuwa ta tsufa aka ga yana rage musu ruɗani, amma amai da tashin zuciya suka sa aka jingine shi. Dabarar da aka yi yanzu ita ce aka haɗa shi da turosfiyom, wanda ke toshe irin waɗannan makarɓu a ciki da hanji amma ba ya shiga ƙwaƙwalwa sosai. A ɗaya daga cikin manyan gwaje-gwajen, mai mutum 252, makin alamun ciwon ya sauka da 21.2 ga masu shan maganin, 11.6 ga masu shan na bogi, wato ƙwayar da ba magani a cikinta, kuma ba a ga yawan ƙiba da sandarewar jikin da aka saba gani ba.

Abin da kanun labarai ba su faɗa ba shi ne gwajin na mako 5 ne, kuma da ƙwayar bogi aka gwama shi ba da tsofaffin magunguna ba. Yana da nasa illolin, tashin zuciya, amai, taurin bayan gida, riƙewar fitsari, kuma ba a ba wa mai matsalar hanta. A Afrilun 2025 gwajin ƙara shi a kan wani maganin bai cimma abin da aka sa a gaba ba. Farashin da aka sa masa a Amurka lokacin da ya fito a 2024 dala 1,850 ne a wata, kamfanin Bristol Myers Squibb kuwa dala biliyan 14 ya biya ya sayi kamfanin da ya ƙirƙiro shi. Sannan ga mai cewa an rushe ra'ayin dofamin, binciken dabbobi ya nuna motsa M4 yana rage sakin dofamin ɗin ne daga tushe, kenan ta wata ƙofar aka zagayo aka iso wuri ɗaya.

Masu cewa an cika zuzuta sinadarai

Akwai likitoci irin su Joanna Moncrieff a Ingila da ke ganin an sayar wa jama'a labarin "rikicewar sinadarai" fiye da yadda hujja ta kai. Hujjarsu ita ce don magani ya rage alama ba ya nufin ya gyara sanadi, bambancin da ake gani a hoto na matsakaicin rukuni ne, akwai masu ciwon da dofamin ɗinsu daidai yake da na kowa, kuma shan magani shekara da shekaru shi kansa yana canza ƙwaƙwalwa. A kan waɗannan suna da gaskiya, kuma shi ya sa har yanzu babu gwajin jini ko hoton da zai ce wane yana da sikizofiriniya, da tambayoyi da lura da hali na tsawon lokaci likita ke gane ta.

Inda hujja ba ta bi su ba shi ne batun barin magani. Wani nazari na 2012 da ya tattara gwaje-gwaje 65 ya nuna cikin shekara guda ciwon ya dawo wa kashi 27 na masu ci gaba da magani, da kashi 64 na waɗanda aka mayar kan na bogi. Ita kanta Moncrieff ta jagoranci gwajin rage magani a hankali da aka wallafa a 2023, bayan shekara 2 waɗanda aka rage wa ba su fi sauran walwala cikin jama'a ba, kuma ciwon ya dawo da tsanani ga kashi 25 nasu, sauran kuma kashi 13.

Abin da wannan ke nufi ga iyali a nan

Cobenfy ba shi ne zai canza rayuwar mara lafiya a asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko Barnawa ko Kware ko Maiduguri a kusa ba, abin da ke hannu su ne Largactil, haloferidol, risferidon, olanzafin, da allurar Modecate da ake yi bayan 'yan makonni, kuma suna aiki ga mafi yawan mutane a kan muryoyi da zargi. Sanin yadda suke aiki yana warware abubuwa da dama da ke raba iyali da asibiti. Idan yaro ya sandare yana zubar da yawu bayan fara magani, galibi adadin ne ya haura, a koma wajen likita ya rage ko ya canza, kar a watsar a ce maganin asibiti ya ƙara masa hauka. Ƙwayar da ake haɗawa da ita don sassauta jikin, Artane ko Exol, ita ce dai wadda matasa ke sha don maye, don haka a sa ido a kanta a gida. Mai shan olanzafin a riƙa duba nauyinsa da sikarinsa. Idan muryoyi sun tafi amma har yanzu ba ya son fita ko aiki, a sani maganin dofamin bai cika taɓa wannan ɓangaren ba, kiran sa malalaci zalunci ne, abin da ke taimakawa shi ne a jawo shi cikin harkar gida da 'yar sana'a a hankali.

Idan an gwada magani biyu yadda ya kamata ba sauƙi, a tambayi likita batun kulozafin. Yana buƙatar gwajin jini a kai a kai saboda yana iya karya fararen ƙwayoyin jini, abin da ya kashe mutum 8 a Finland a 1975. A nan akwai wani abu da ya shafi 'yan Afirka ta Yamma musamman, da yawanmu adadin wani nau'in fararen ƙwayoyin jininmu a ƙasa yake tun haihuwa ba tare da wata cuta ba, kuma idan aka auna mu da ma'aunin Turawa sai a hana mutum maganin da zai amfane shi.

Batun aure ma yana tasowa kullum. Ɗan da mahaifinsa ko mahaifiyarsa ke da ciwon haɗarinsa kusan 1 cikin 10 ne, ya fi na sauran jama'a nesa, amma kuma kusan 9 cikin 10 ba za su samu ba. Sannan ba duk ruɗewa ce sikizofiriniya ba, zazzaɓin da ya hau ka, sanƙarau, farfaɗiya, ƙwaya, da ruɗewar da ke samun wasu mata bayan haihuwa duk suna iya zuwa da kama, wasunsu kuma na gaggawa ne.

Iyalai da yawa wajen malamin ruƙiyya ko mai maganin gargajiya suke fara zuwa, wani don imani, wani don shi ne a kusa, tunda likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba ga mutum sama da miliyan 200. Na'urar PET ba ta yanke hukunci kan abin da mutum ya yi imani da shi, abin da bincike ya nuna dai shi ne gwargwadon daɗewar ciwon ba magani gwargwadon wahalar dawowa daidai, kuma mari da duka ba sa sauke dofamin, rauni suke ƙarawa. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta amince da haƙƙin irin waɗannan marasa lafiya, sai dai aiwatarwa ce ke tafiyar hawainiya. An kuma gwada haɗa ɓangarorin biyu: Farfesa Oye Gureje ya jagoranci wani gwaji a Ibadan da Kumasi kan mutum 307, aka wallafa a 2020, inda ma'aikatan asibitin matakin farko ke zuwa wuraren masu maganin gargajiya da masu addu'a suna ba da magani, su kuma suna ci gaba da nasu. Bayan wata 6 waɗanda aka yi wa haɗin gwiwar sun fi sauran samun sauƙin alamun ciwon, kuma sun fi su iya komawa harkokinsu na yau da kullum.